Kyanwar tashar Kishi

Malam, ka tambaya ko da gaske an taɓa naɗa kyanwa shugabar tashar jirgin ƙasa a Japan. Ƙwarai kuwa. Tashar Kishi ce, ƙarshen layin Kishigawa a lardin Wakayama. Layin na kamfani mai zaman kansa ne. Da kamfanin Nankai ya so rufe shi saboda asara, mazauna yankin suka tashi tsaye, sai Wakayama Electric Railway ya karɓa a 2006. A Janairun 2007 aka naɗa wata kyanwa mai suna Tama shugabar tashar, har da 'yar hularta, baƙi suka yi ta tururuwa. A 2010 aka sake gina tashar da siffar fuskar kyanwa. Tama ta mutu a 2015, aka naɗa wata kyanwar mai suna Nitama a gurbinta.