Rajistar ƙararrawar tsaron shago a Ingila

Malam, ka tambaya ko dole ne ka yi wa ƙararrawar shagonka na Birmingham rajista wurin 'yan sanda. Doka ba ta tilasta maka ba, amma idan kana son su zo da kiran ƙararrawar kawai, sai an haɗa ta da cibiyar sa ido, kuma kamfanin ƙararrawa da NSI ko SSAIB (hukumomin da ke tantance irin waɗannan kamfanoni) ta amince da shi ya nema maka lambar URN, wato lambar rajista da 'yan sanda ke ba ƙararrawar.

Sai dai idan ƙararrawar ta kira su a banza sau 3 cikin wata 12, za su daina zuwa. Abin da na fi gani yana jawo haka shi ne yaron shago ya buɗe da safe bai iya kashe ta ba, don haka ka koya wa duk mai riƙe da makulli.