Yanar idon Baba: in bari mai allura ya taɓa ta?

Tambaya: Likita, mahaifina ya daɗe yana fama da yanar ido, yanzu iyakarsa ya bambance rana da dare. Wani mai magani da ke zuwa kasuwarmu ya ce zai kawar da ita da allura nan take, kuma kuɗinsa bai kai na asibiti ba. Baba ya matsa a kai shi don yana tsoron aikin tiyata, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, don Allah kada ku kai shi.

Yadda har yanzu yake gane rana da dare alama ce mai kyau. Tana nuna cewa tantanin da ke can bayan ido, wanda ke kama haske, bai daina aiki ba. A jikin tantanin nan akwai ƙwayoyin halitta sama da miliyan 100 da ke mayar da haske saƙo, jijiyar gani ta kai shi ƙwaƙwalwa. Kamar kyamarar waya ce: gilashi a gaba yana tattara haske, na'urar da ke ciki tana ɗaukar hoton. Na Baba gilashin ne ya dushe, shi kuwa ana sauya shi. Tantanin da jijiyar in suka mutu ba su da madadi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullum sai an zo mini da zancen wai yana wata fata ce da ta rufe ido daga waje, a kankare ta ko a ɗiga magani ta narke. Ba haka ba ne. Madubin da ke cikin idon, wato gilashin nan mai tattara haske, shi ne kansa ya yi fari, kuma babu maganin ɗigawa ko tozalin da ke wanke shi. Mai allurar nan ba ya cire komai. Sokawa yake yi ta gefen ido, ya tsinke zaruruwan da ke riƙe da madubin, ya tura shi ya faɗa ciki. Nan take haske ya shiga, dattijo ya ga inuwar yatsu, jama'a su ɗauki kabbara, shi kuma ya karɓi kuɗinsa ya wuce wata kasuwar. Bayan kwanaki sai a kawo mana ido jajir, yana ta hawaye, in ka taɓa shi ka ji shi da tauri saboda hawan jinin ido, mai shi ya kasa barci don azaba. Wani ƙwayoyin cuta ne suka bi allurar, wani tantanin ne ya ɓalle. Ko wanda ya tsira, idonsa ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin tattara haske, sai da tabarau mai kaurin gaske zai ga fuskar jikansa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan 7 cikin kowane ido 10 da aka yi wa wannan aika-aika makafi ne. Amma har gobe ana barin mutanen nan suna baza kayansu a kasuwa, babu mai ce musu uffan.

A asibiti idon kawai ake kashe wa zafi, Baba yana farke. A ciro madubin da ya dushe, a sa na roba a gurbinsa, yawanci cikin ƙasa da rabin awa, washegari a buɗe bandeji. Ba sai an jira yana ta "nuna" ba. Ku kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na babban asibitin jiharku. A auna masa sukari da hawan jini kafin ranar aikin, kuma kada a ɗiga masa komai sai abin da likita ya rubuta.