Wa zai yi wa Hajiya wanka?

'Yata, na saurari saƙon muryarki har sau biyu, kuma na ji kukan da kike ƙoƙarin haɗiyewa. Jikata ce ke rubuta mini wannan, don idona ya daina ɗaukar ƙananan rubutun waya. Kin ce gigin tsufa ya kama uwar mijinki, ta soma jiƙa shimfiɗa, ta ƙi wanka, ke kuma ga koyarwa ga yara uku. Kin kawo shawarar a ɗauko mata mai kula, 'yan'uwan mijinki mata suka ce abin kunya ne, wai a al'ada suruka ce mai ɗawainiya, kuma kada maganar ta fita waje. Kina tambaya ko haka al'adar take.

Sun ɗauko rabin al'ada ne sun bar rabi. Gidan da muka tashi muka gani, gidan gandu ne. Tsohuwa ɗaya tana da matan 'ya'ya huɗu ko biyar a tsakar gida ɗaya, ga 'ya'yanta mata suna zuwa wuni, ga jikar da aka ba ta riƙo tana kwana a ɗakinta, tana fitar mata da fo da asuba. Aikin da hannu goma ke yi shi ne yau ake so ki ɗauka ke kaɗai a gida mai get, kowa kuma yana gidansa yana aiko da "ya jikin Hajiya". Sannan wace al'ada ce ta fara ɗora wanka a kan suruka? Surukar da ba ta cin abinci a gaban uwar miji, ba ta faɗin sunanta, sai ta durƙusa take gaishe ta? Tsiraicin uwa na 'ya'yanta mata ne tukuna, sai jikoki. Suruka in ta yi, alheri ta yi, kuma a gode mata.

Marigayi Malam ya taɓa karanta mana a Muhtasar Halil cewa ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa marasa hali, har da mai yi musu hidima. Kin ga ke nan littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure ya san da zaman mai hidima. To ina abin kunyar? A samo mace mai shekaru, mai haƙuri, wadda aka san gidansu, 'ya'yan Hajiya su haɗa kuɗin wata su biya ta. Amma fa idonku a kanta. Tsohuwar da ta rikice ba ta iya kawo ƙara, ko an mare ta ba za ta tuna wanda ya yi ba. Ki riƙa duba jikinta da kanki lokacin shafa mai.

Ni na yi shekara shida da Inna, uwar Malam, a wannan hali a Zariya. Ranar da na tabbata abin ya wuce mantuwa, ranar ce ta ɗaga murya daga ɗaki ta kira Malam da sunansa na yanka. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunan a bakinta ba, "wancan" take cewa ko "mai gidan nan". Tsakar gida ta yi tsit. Malam yana alwala, ya ajiye buta, ya amsa mata kamar ba komai, sai da ya shiga turaka na iske shi yana hawaye. Bayan nan har Baba ta riƙa ce masa, yana amsawa.

Kullum rana ta yi sanyi, tsakanin la'asar da magariba, sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta nufi zaure, wai za ta gidan ubanta a Giwa, ana jiranta. Uban ya fi shekara arba'in a ƙasa. Da farko gaskiya nake gaya mata, sai ta faɗi tana kururuwa kamar yanzu aka aiko da rasuwar, gobe kuma a sake. Na ga ina maimaita mata zaman makoki ne a banza. Sai na koma cewa, "Inna, bari a yi magariba tukuna, ga gyaɗar nan ki ɓare mana." Hannunta bai manta aiki ba. Kafin ta cika ƙwarya ta manta da tafiyar. Mutanen gida cewa suke iskokan magariba ne ke kiranta. Daga baya likita ya ce mana masu wannan cuta sun saba rikicewa da yamma, a kunna fitila da wuri, a rage hayaniya.

Cuta ce a ƙwaƙwalwa, 'yata, ba maita ba ce, ba sammu ba. Jikar tawa da ke karatun jinya ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari irin wadda ake kira Alzheimer ce, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Wata kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo ta. Mu kuwa tun a Suratun Nahli muka ji labarin wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ku yi addu'a, ku tofa mata, amma kada a bari wani ya turara mata hayaki mai shaƙewa, ko ya ɗaure ta, ko ya ɗaga mata bulala da sunan fitar da aljani. Kuna Kano, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga na Dawanau, a kai ta a duba jini da sukari. Ba a warkar da ita, amma akwai abin da ake sassautawa. In kuma kika ga ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, fiye da yadda kika saba, kada ki ce tsufa ne. Sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara, a tafi asibiti a ranar.

Maganar ɓoyewa ita ta fi ba ni tsoro. Rufin asiri shi ne kada a bar baƙi su gan ta a jiƙe, kada yara su yi mata dariya, kada a ɗauki hotonta ana turawa. Amma limamin masallacinku, da mai unguwa, da mai shagon bakin layi, da masu Keke Napep na mahaɗa, dole su sani. Inna ta taɓa sulalewa muna sallar asuba, mai ƙosai ce ta riƙo hannunta ta dawo da ita, don ta san halin da ake ciki. Da ba ta sani ba, da gaisuwa kawai za su yi ta wuce. Tsohuwar da ba a sani ba, tana yawo babu mayafi tana sambatu, kin san sunan da ake laƙaba mata. Ki ɗinka lambar wayar mijinki a bakin zanenta. A rufe rijiya, a kulle tukunyar gas, a ɗauke ashana da magunguna daga inda hannunta ke kai.

Wanka kuwa, kada ki ce "zo a yi miki wanka", girma ne ke hana ta. Ki ɗumama ruwa, ki rufe ƙofa, ki bar zane a jikinta, ki ba ta soso a hannu, ki ce yau Juma'a ce ko baƙi na tafe. In ta ƙi, ki bari zuwa anjima. Za ta ce kin sace mata kuɗi ko goro, ni ma an ce mini ɓarauniya a gaban dangin miji. Kada ki rantse, ki ce mu nema tare, yawanci yana ƙarƙashin katifa.

Salla da azumi, an ɗauke mata alƙalami in hankali ya gushe, kada a tsare ta da "ba ki yi la'asar ba". In ta tayar, a shimfiɗa mata darduma ko da raka'a bakwai za ta yi. Inna ta manta sunayen jikokinta kaf, amma Ƙulhuwallahu na bakinta har makon da ta cika. Zakkar dukiyarta dai tana nan, waliyyinta ke fitarwa, kuma kada wanda ya kawo takardar gida ko fili ya ce ta dangwala hannu.

Ke ba za ki iya faɗa wa dangin mijinki wannan ba, bakinki ya yi ƙanƙanta. Shi zai tara su, a raba kwana: wa ke da Asabar, wa ke da Lahadi, wa ke biyan mai kula, wa ke sayen famfas ɗin manya. Ki ce masa ya kira ni bayan isha'i, in kuma nauyi yake ji, babbar yayarsu ai na san uwar mijinta, zan bi ta nan. Zan ba direban da ke zuwa Kano ranar Litinin man kaɗanya, ki riƙa shafa wa Hajiya a baya da ɗuwawu saboda gyambon kwanciya. Ki gaida yaran.