Safety, Security da Protection: Wace Ce Wace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma. A jarrabawa na rubuta food security ina nufin tsaftar abinci, sai malaminmu ya soke, ya ce food safety ya kamata in sa. Ƙamusuna kuwa duka biyun "tsaro" ya ce. Ina bambancin yake? Ita kuma protection ina ta shigo? Daga wata mai bin wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiyar malaminki ce, amma shi ma ƙamus kada ki ga laifinsa sosai. Ko Jamusawa da kalma ɗaya suke kiran su biyun, Sicherheit.

Kafin ki zaɓa, tambayi kanki: akwai mai mugun nufi a cikin lamarin? Idan tsautsayi ake gudu, irin su gobara, santsi ko haɗarin mota, safety ce. Shi ya sa bel ɗin kujerar mota, wanda kamfanin Volvo ya fito da samfurinsa na yanzu a 1959, ake ce masa safety belt. Idan kuwa mutum ake gudu, ɓarawo ko ɗan kutsen kwamfuta ko mahari, security ce. Binciken jaka a filin jirgin sama security check ne. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kujeru 15, sunansa Security Council, domin yaƙi ba tsautsayi ba ne, mutane ke shirya shi.

Safety da security har karo sukan yi da juna, kuma nan ne nake so ki dubi abin da kyau. A ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinkin riguna mai suna Triangle a birnin New York na Amurka. Masu masana'antar sun saba kulle ƙofofi lokacin aiki don kada a saci kaya ko ma'aikata su sulale. Wuta ta kama, hanyar fita a rufe, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata. Ginin nan secure yake, tunda ba mai fita da ko ƙyalle. Amma ba safe ba ne ga waɗanda ke cikinsa.

To, kalmar da kika rubuta ita ce ta ƙi bin wannan ma'auni. Security ta samo asali daga Latin, securus, wato wanda ba shi da fargaba, kuma tana nan da wannan tsohuwar ma'ana ta kwanciyar hankali. Job security na nufin ba ka kwana da tsoron kora. Food security kuma wadata ce: kowa ya samu isasshen abinci mai gina jiki a kowane lokaci, kamar yadda taron ƙoli kan abinci na birnin Rum ya fayyace a 1996. Ita food safety, abin da ke cikin kwanon take duba, ko akwai guba ko ƙwayoyin cuta. Rumbu na iya cika maƙil da hatsin da ya yi hunhuna: ga wadata, amma babu safety.

Protection ba ta da wahala: kariya ce, wato aikin da aka yi ko abin da aka sa tsakaninki da cutarwa. Safety da security yanayi ne da ake son kaiwa, protection hanyar kaiwa can. Safar hannu da rigakafi duk protection ne. Ana cewa protect from ko protect against, duka sun halatta.

Sai ki kula da jam'i. In kika ga securities a shafin kasuwanci, ba masu gadi ake nufi ba, takardun hannun jari ne da na lamuni. Mai gadi ɗaya kuma a security guard ne. "A security" kawai da ake yawan ji a baka, kada ki kai shi takardar jarrabawa.