Wata 11 shiru a kan biza 190: kada ka janye takardunka

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na taso daga aiki don in amsa maka a natse. Ka ce kai injiniya ne, ka shigar da takardun biza 190 ta Ostireliya, wato bizar zama na dindindin ga ƙwararrun ma'aikata, wata 11 da suka wuce, har yau shafinka na ImmiAccount, asusun intanet da ake bibiyar takardun biza a ciki, yana nuna an karɓa kawai. Gwajin lafiyarku ya kusa cika shekara, maiɗakinka tana da juna biyu, ejan ɗinka kuma yana ba ka shawarar ka janye ka sake sabuwa, wai ko za a fi saurin dubawa. Ni ma wannan bizar na nema, kuma wata 32 na yi ina jira, daga Fabrairun 2020 zuwa Oktoban 2022. Abin da zan faɗa maka duk na taɓa shi da hannuna.

Kada ka janye. Da wannan zan fara domin shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Kuɗin da ka biya, wanda na mutum ɗaya kaɗai ya haura dalar Ostireliya 4,000, ba za a mayar maka ba don kawai ka gaji da jira. Sannan biza 190 ba a shigar da ita sai da gayyata, gayyatar kuma ba ta zuwa sai wata jiha ta tsaya maka. Ka janye yau, ka koma farkon hanya: sabon EOI, wato fom ɗin nuna sha'awa da ake cikewa a shafin gwamnati na SkillSelect, sabon neman jiha, sabon lissafin makin da ake ba mai nema bisa abubuwa kamar shekarunsa da ƙwarewar aikinsa. Ka ce kana da shekara 32 lokacin da aka gayyace ka, yanzu ka shiga 33. To ka sani ranar gayyata ake ɗaure shekarun mutum. A fayil ɗin da ke gabansu yanzu kana da maki 30 na shekaru, ko da za su kai shekara uku ba su buɗe shi ba. A sabon fayil maki 25 za ka samu, domin daga 33 zuwa 39 haka lissafin yake. Maki 65 shi ne mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi, amma injiniyoyi sun san a zahiri ana gogayya ne a sama da haka sosai, kuma maki biyar kan raba wanda aka kira da wanda aka bari. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye. Ka tambayi ejan ɗin lambar rajistarsa ta MARN, ka duba ta a shafin OMARA, hukumar da ke yi wa ejan na biza rajista a Ostireliya. Ban ce macuci ba ne, amma shawarar da ya ba ka ba ta mai kishinka ba ce.

Abin da ya fi cin raina a lokacin jirana shi ne na ɗauka layi ne irin na banki, wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama. Kullum ina bin mutanen da suka shigar bayana ina ganin an ba su, sai zuciyata ta ce lallai akwai abin da aka gani a takarduna. Ba haka aikin yake ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ostireliya tana duba fayiloli ne bisa umarnin minista, kuma umarnin yana canzawa. A Oktoban 2022 an fitar da umarni mai lamba 100, wanda ya sa ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a gaba, a Disamban 2023 kuma aka maye gurbinsa da mai lamba 105, su ɗin dai suna cikin na gaba-gaba. Saboda haka nas ɗin da ta shigar wata shida bayanka tana iya samun tata kafin kai, ba don an ga aibu a taka ba. Ga kuma adadin gurabe. Shekarar shirin tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, kuma gwamnati tana yanke yawan bizar zama na dindindin da za a bayar a cikinta: 195,000 a 2022 zuwa 2023, 190,000 a shekarar da ta biyo, sannan 185,000. Idan guraben wani rukuni sun kusa cika, sai ka ga abubuwa sun lafa wajen Mayu da Yuni. Alƙaluman da suke wallafawa a shafinsu, na cewa kashi 50 an gama cikin wata kaza, kashi 90 cikin wata kaza, labarin fayilolin da aka riga aka kammala ne kwanan nan. Ba alkawari ba ne a kan naka. Ka duba su sau ɗaya a wata ya isa.

Nawa jinkirin, annoba ce ta kawo rabinsa. Na shigar a Fabrairu, ranar 20 ga Maris 2020 ƙasar ta rufe iyakokinta, mu da ke waje aka ajiye mu gefe. Ba a buɗe wa masu bizar aiki da ɗalibai ba sai 15 ga Disamban 2021, kuma zuwa tsakiyar 2022 gwamnatin da kanta ta ce takardun biza iri-iri da suka taru sun kusa miliyan ɗaya. Wannan ba abin da zan iya yi a kai. Amma sauran rabin daga wajena ya fito, kuma shi nake so ka saurara da kyau.

A cikin makina akwai goma na ƙwarewar aiki, wato shekara biyar zuwa bakwai a wajen Ostireliya. Shekara biyu daga ciki na yi su ne a wani ƙaramin kamfanin gine-gine da na bari tun da daɗewa. Wasiƙar da suka ba ni layi huɗu ce: sunana, muƙamina, ranar da na fara, ranar da na bari. Babu awannin aiki a mako, babu ayyukan da nake yi, babu albashi. Na ɗora ta haka nan, ina ganin ai tana da tambari da sa hannu. Bayan wata 27 aka buga waya kamfanin don tantancewa. Manajan da ya sa hannu ya bar wurin, wanda ya ɗauki wayar sabo ne, ya ce bai san wani mai wannan suna ba. Sai ga wasiƙa ta iso mini cewa an samu bayanin da ya saɓa wa abin da na faɗa, ina da kwana 28 in yi bayani. Wallahi wasiƙar ta kwana tara a akwatin tarkacen imel ban gani ba, ni kuwa kullum ina buɗe babban akwatin sau goma. Ranar da na gan ta ƙarfe ɗayan dare ne, na zauna a bakin gado hannuna yana rawa, ina ƙirga kwanakin da suka rage da yatsu.

Abin da ya sa na firgita shi ne sharaɗin da suke kira PIC 4020. Idan aka yanke cewa mutum ya ba da takardar bogi ko bayanin ƙarya, ba hana shi wannan bizar kaɗai za a yi ba, ana iya rufe masa ƙofa har shekara uku, idan kuma batun ko shi wane ne ba su gamsu ba, shekara goma. Ni ban yi ƙarya ba, amma gaskiyar da ba ta da shaida a takarda ba ta tsaya wa mutum a wurin nan. Abin da ya cece ni wani tsohon kwali ne da matata ta hana ni zubarwa sau biyu. A ciki muka tono takardun albashi 19 daga cikin 24, wasu tawadar ta koɗe har sai mun kara su a fitila kafin mu ga wata da shekara. Na je banki na karɓo bayanan asusuna na waɗannan shekaru biyu, na ja layi a ƙarƙashin kowane albashi da ya shigo da sunan kamfanin. Na nemo tsohon manajan, ya rubuta bayanin rantsuwa ya haɗa da lambar wayarsa ta yanzu. Ranar kwana na 26 na tura.

Don haka aikin da zan ba ka a wannan makon shi ne ka buɗe EOI ɗinka ka bi kowane maki ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka: wannan da wace takarda zan kare shi, kuma takardar tana nan tun kafin ranar gayyata? Duk makin da ka ce kana da shi, a ranar gayyata ake so ya tabbata, ba bayanta ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa, musamman 'yan kwamfuta, waɗanda ACS, hukumar da ke tantance ƙwarewarsu, ke cire musu shekarun farko na aiki, galibi biyu, su kuma su ƙirga da su. Ku injiniyoyi da kuka bi ta Engineers Australia, hukumar da ke tantance ku, ku duba ko tantancewar taku ta haɗa da shekarun aiki ko takardar karatu kaɗai ta duba. Sannan ka kira kowane wurin da ka taɓa aiki, ka gaya musu ana iya bugowa ko turo imel, ka tabbata lambar da ke kan wasiƙar tana shiga. Idan wasiƙar irin tawa ce mai layi huɗu, ka nemi cikakkiya yanzu ka ɗora, ba sai an tambaye ka ba. ImmiAccount yana barin mutum ya ƙara takardu har ranar yanke hukunci. Idan ka gano ka yi kuskure a wata amsa, akwai fom 1023 na gyara, kuma ka faɗa da bakinka ya fi su gano da kansu nesa ba kusa ba. Fom 80 ma, mai tambayar duk inda ka zauna da duk tafiyar da ka yi zuwa wata ƙasa a shekara goman da suka wuce, ka cike shi ka ajiye ko ba a nema ba tukuna, don yana cin kwanaki.

Batun gwajin lafiya: wata 12 yake aiki, haka ma takardar shaidar 'yan sanda. Ta 'yan sanda kana iya sabuntawa da kanka, daga kowace ƙasa da ka zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara goman da suka wuce, kuma idan akwai ƙasar da ka san takardarta tana jan lokaci, ka fara nema tun yanzu. Gwajin lafiya kuwa kada ka je ka sake don kanka. Ka jira su nema, domin da lambar gwajin lafiya ta HAP da suka bayar likitan da suka amince da shi yake aiki. Mu sau biyu muka yi.

Cikin maiɗakinka shi ne abin da zai fi taɓa lokacinku, Allah ya sauke ta lafiya. Ka sanar da su yanzu ta fom 1022 ko ta wurin sauya bayani a ImmiAccount, ka haɗa da wasiƙar likita mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa. Idan suka nemi a sake gwaji, akwai hoton ƙirji a ciki, kuma mai ciki tana da damar ɗage shi sai ta haihu, wanda ke nufin fayil ɗin zai tsaya har lokacin. Na san ba abin da kake son ji ba ne, amma akwai alheri a ciki. Jaririn da aka haifa bayan an shigar da takardu kuma kafin a yanke hukunci, ana ɗaukarsa yana cikin masu nema tare da iyayensa. Ɗanmu na biyu haka ya shiga a 2021: takardar haihuwa, fasfo, gwajin likita, ba a karɓi ƙarin kuɗin biza a kansa ba. Da an ba mu bizar kafin a haife shi a waje, da sai mun nema masa tasa daban, da kuɗinta da nata jiran. Ka kuma duba shaidar Turancinta. Idan ba ta da abin da ke nuna tana da matakin da suke nema, kamar 4.5 a jimlar jarrabawar Turanci ta IELTS ko wasiƙar jami'a cewa da Turanci ta yi digiri, za a nemi ka biya kusan dala 5,000 kafin a ba ku. Fasfon kowa a gidan ma ka duba ranar ƙarewarsa. Bizar ba manna ta ake yi ba, da lambar fasfo take haɗe, wanda ya sabunta dole ya shigar da sabuwar lambar.

Ka tambaya ko ka riƙa tura musu saƙon tuni. Ni na tura ya fi a ƙirga, amsa iri ɗaya nake samu. Idan ka wuce lokacin da suka ce kashi 90 na kammaluwa, kana da hujjar rubuta ƙorafi ta sashen karɓar koke na ma'aikatar, sau ɗaya, cikin ladabi, da lambar fayil ɗinka. Duk wanda ya ce maka ya san wani a ciki da zai matsar da fayil idan ka ba da wani abu, ka rufe wayarka.

Sai maganar aikinka da ka ce kana tunanin ajiyewa don ka shirya tafiya. Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Ni a Janairun 2020 aka ba ni shugabancin wani aiki na shekara biyu na ƙi karɓa, ina cewa ai nan da wata shida na tafi. Ina zaune a wurin aka fara aikin aka gama, wani ya samu ƙarin girman, ni ina nan ina sabunta shafi da tsakar dare saboda lokacin ne gari ya waye a Kanbera, babban birnin Ostireliya. Mun kuma ƙi sabunta haya ta shekara, muna biyan wata-wata da tsada. Ranar da bizar ta fito za su rubuta maka ranar da dole ka fara shiga ƙasar kafin ta wuce, kuma lokacin yana isar mutum ya ba da sanarwar barin aiki ya haɗa kayansa. Ka kuma tuna jihar da ta tsaya maka tana sa ran ka zauna a cikinta shekara biyun farko, don haka idan kana neman abin yi da wannan jiran, ka fara nazarin kamfanonin jihar da sharuɗɗan rajistar injiniyoyi a can. Ni sai da na sauka a birnin Adelaide na fara, ya ci mini wata huɗu ba albashi.

Yau da dare ka buɗe akwatin tarkacen imel ɗinka, ka kuma shiga sashen saƙonni na cikin ImmiAccount da kanka. Idan ejan ne ya shigar maka, wasiƙunsu wurinsa suke zuwa, ba wurinka ba, sai ka buɗe naka asusun ka jawo fayil ɗin ciki da lambar da ke kan takardar shaidar karɓa don ka riƙa gani da idonka. Ka faɗa mini ranar da kuka yi gwajin lafiya da watan da ake sa ran haihuwar, in taya ka lissafa abin da zai riga wani ƙarewa.