Amsa: me ya hana mutanen Kalifoniya sayen inshorar girgizar ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa mutanen jihar Kalifoniya ta Amurka ke zaune kusa da tsagar San Andreas, wata doguwar tsaga a ƙasa da ke haddasa girgiza, amma mafi yawansu ba su da inshorar girgizar ƙasa. Kuɗi ne a kan gaba.

Inshorar gida ta yau da kullum a can ba ta ɗaukar ɓarnar girgiza, sai an saya daban. Bayan girgizar Northridge, wata unguwa a Los Angeles, ta 1994 kamfanoni suka tafka asara har suka fara ja da baya, shi ne jihar ta kafa CEA, hukumar inshorar girgizar ƙasa, a 1996. To ga inda gizo ke saƙa: akwai kason da mai gida zai ɗauka da kansa, daga kashi 5 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin da aka yi wa gidan inshora. A ce dala dubu 500 ne, kason kuma kashi 15 cikin ɗari. Sai ɓarna ta haura dala dubu 75 kafin ya ga ko sisi. Bango ya tsage, bututun hayaƙi ya zube, duk daga aljihunsa.

Bankunan da ke ba da bashin gida ma galibi ba sa tilasta sayen inshorar girgiza. Ga mantuwa: da an yi girgiza sai a yi rububi, bayan 'yan shekaru a daina sabuntawa. Wasu kuwa tallafin gwamnati suke jira, wanda a ganina yaudarar kai ce, don babban ɓangarensa rance ne.

Turkiyya ta bi wata hanya bayan girgizar 1999, ta wajabta inshorar girgiza mai suna DASK, har ana neman takardarta wajen haɗa wa gida wuta da ruwa.