Akwatin Tambaya: Duniyar da Ake Tayarwa Kowace Shekara

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan, duk a kan mujallun zane na sadaukan Amurka, irin su Superman da Batman, da ɗabi'arsu ta kai duniya bakin halaka. Sana'ata rubutun allunan shaguna ce a nan Jidda, amma da waɗannan mujallu na tashi. Muna yara a Hindawiyya, duk wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya sayo Superman na Larabci, wanda ake bugawa a Bairut tun 1964, mu yi cincirindo a bakin ƙofa muna leƙe ta kafaɗarsa. A ciki sunan Clark Kent, wato Superman in ya sa kayan gida, Nabil Fauzi ne. Da shi na ƙware a karatun Larabcin jarida, kuma a kansa na fara riƙe alƙalamin zane.

Tambaya: Malam, ni direba ne, a waya nake karanta waɗannan labarai in ina jiran maigida. Abin da ya ishe ni, kowace shekara sai a ce duniya za ta ƙare, a kashe mana sadauki, mu yi jimami, kafin a ce kwabo ya dawo da ransa. Ba rainin hankali ba ne? Daga wani matashi a Riyad.

Amsa: Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, bari in fara da ita.

Tatsuniyarmu tana da ƙurunƙus. Waɗannan labarai ba su da shi, don sadaukan ba na marubuci ba ne, dukiyar kamfani ce, kuma dole mujalla ta fito wata mai zuwa. Superman tun 1938 yake fitowa. Ka ƙiyasta yawan hannuwan da suka taɓa labarinsa, kowa da abin da ya ƙara, wani ya manta abin da na gabansa ya rubuta. A 1961 kamfanin DC, mai buga Superman, ya ga yana da sadaukai biyu masu tsananin gudu masu suna Flash, na da da na yanzu, sai marubuci Gardner Fox ya ce ai kowanne da duniyarsa, duniyoyin biyu ne a jere. Dabarar ta yi daɗi, aka yi ta ƙara duniyoyi, har sabon mai karatu ya koma bai san gaba ba bai san baya ba.

Sai 1985 ta zo, shekarar da kamfanin ya cika 50. Marv Wolfman ya rubuta, George Pérez ya zana wani labari mai fitowa 12 mai suna Crisis on Infinite Earths, wato tashin hankalin da ya afka wa duniyoyi marasa iyaka. Sama ta yi ja, wani farin bango yana tafe yana cinye duniya bayan duniya, daga ƙarshe biyar da suka rage aka narke su suka zama ɗaya. A takarda tashin duniya ne. A ofis kuwa, mai shago ne ya rufe ƙofa yana ƙidayar kaya, yana zubar da wanda ya kwana. Da suka ga an yi ciniki, sai suka maimaita a 1994, da 2005, da 2008. A 2011 ma mujallu 52 suka mayar lamba ta ɗaya a wata guda. Marvel, abokin hamayyarsu, ya rushe tasa duniyar a 2015 ya sake ginawa.

Mafi muni a wurina shi ne na ƙarshen 1992, da aka kashe Superman. An sayar da fitowar cikin baƙar leda, har da baƙin ƙyallen ɗaurawa a damtse irin na makokin Turawa. Mutane suka yi ta saye suna ɓoyewa, wai za ta yi tsada nan gaba. Bai cika shekara ba ya tashi. Bayan nan kasuwar mujallun ta durƙushe, shaguna da dama suka rufe, a Disamban 1996 Marvel da kansa ya kai kansa kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Dalilan suna da yawa, amma kwaɗayi na ciki, kuma ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu.

To ga ɗaya rabin. Na samu fitowa ta 7 ta wancan labari na 1985 bayan shekaru, a hannun wani mai tsofaffin littattafai. A bango Superman ne tsaye, ya tallabo gawar Supergirl, 'yar baffansa, bakinsa a buɗe yana kuka, sauran sadaukai sun kewaye su sun sunkuyar da kai. Ni mai zane ne, na san wahalar sa hannu ya nuna nauyin abin da ya ɗauka. Pérez ya sa ka ji nauyin gawar nan a damtsenka. A shafukan baya an shafe duniyoyi da dukkan mutanensu, ban ji komai ba. Yarinya ɗaya ta mutu, sai da na ajiye mujallar na fita waje. A fitowa ta gaba Flash ya yi gudu har jikinsa ya zagwanye don ya lalata makamin abokin gaba, kuma sai da aka yi shekara 23 kafin a dawo da shi. Yaro da yawa ya girma ya yi aure Flash ɗin nan yana mace.

Saboda haka in ka ga an rubuta a bango cewa komai zai canza, kada ka yi saurin ba da kuɗinka. Buɗe ka duba ko marubucin ya tsaya ya nuna maka mutum ɗaya da za ka damu da shi. In adadin matattu kawai yake ƙirga maka, rufe ka huta kafin maigida ya fito.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 12 ya zo yana ba ni labarin wani Thanos da ya ƙyasta yatsu rabin halitta ta mutu, daga baya kuma aka tashe su. Gabana ya faɗi. Muna zaune kusa da Harami, yaro yana hadda, kada wannan abu ya taɓa masa imani da tashin kiyama. In ƙwace wayar? Daga wata uwa a Shari'ul Mansur, Makka.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya mana shi, Ya sa ya sauke lafiya. Faɗuwar gabanki tana kan hanya, kuma ba zan rufe miki komai ba.

Labarin na Jim Starlin ne, ya fito a 1991 cikin mujallu shida. Thanos ya tara duwatsu shida a safar hannu, ya ce shi ne mai iko da komai. An zana mutuwa a siffar mace, kuma don neman soyayyarta ya kashe rabin halitta. A fim ɗin da aka yi na labarin a 2018 an sauya dalilin, aka ce yawan jama'a ne da ƙarancin abinci. Shekarar ce kuma aka sake buɗe gidajen sinima a ƙasar nan bayan shekara 35, shi ya sa yaranmu suka san sunan nan farat ɗaya. A cikin waɗannan labarai akwai waɗanda ake kira alloli, irin su Thor na tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai. Duk wannan ya saɓa wa tauhidi, ba sai an yi kwana-kwana ba. Hukuncin karantawa na malamai ne, ga su nan kusa da ke, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba.

Abin da zan iya faɗa shi ne abin da na gani a gidanmu. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya taɓa kama ni da mujallar Superman a cikin jakar makaranta. Bai yaga ba. Ya zaunar da ni ya ce in karanta masa, ina karantawa yana tambaya: wa ya ba wannan mutum ƙarfinsa? In ya yi barci wa yake tsare duniyar? Shi wa zai yi masa hisabi? Kafin mu kai shafin ƙarshe na gane da kaina cewa abin da ke hannuna ƙirƙirar mutum ce, tawada da takarda.

Ki gwada haka. Ki ce ya ƙarasa miki labarin, don ƙarshensa yana da abin kamawa: a mujallar, Thanos bai iya riƙe ikon ba, jikarsa Nebula ta zare safar daga hannunsa, shi kuma ya ƙare yana noma shi kaɗai. Sannan ki tambaye shi bambancin wannan da abin da yake haddacewa. A can, halitta ce take tayar da duniya, halitta kuma take hanawa, sannan kowa ya koma gida ba wanda aka tambaya me ya aikata. Sa'a kuwa saninta na Allah ne Shi kaɗai, ba mai jinkirta ta, kuma bayanta akwai awo. Yaron da ya zo da ƙafarsa ya ba uwarsa labari, ƙofarsa a buɗe take. In kika ƙwace wayar ba bayani, zai ƙarasa kallon a gidan abokinsa, kuma ba zai sake ba ki labari ba. Ki dai riƙa duba alamar shekaru da ake sawa a bango, don wasu na manya ne zalla.

Tambaya: Daga ina marubutan waɗannan mujallu suka samo wannan tsoron na ƙarewar duniya? Daga wani ɗalibi a Madina.

Amsa: Daga zamaninsu, malam ɗalibi. Jack Kirby, wanda shi da Stan Lee suka ƙirƙiro Galactus mai cinye duniyoyi a 1966, soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Faransa. Shekara huɗu kafin wannan labari, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kusa harba wa juna nukiliya a kan Kyuba. Ka duba yadda aka kori Galactus: ba a fi ƙarfinsa ba, wani ɗan makami aka nuna masa da zai iya hallaka kowa har da mai riƙe da shi. Lissafin nukiliya ke nan sak. Kowa kuma da tashin duniyar da yake tunawa. Da Naif al-Mutawa na Kuwait ya fito da nasa sadaukan, The 99, a 2006, daga faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258 ya ɗauko asalinsu.

Tambaya: Mu mutanen Wad Madani ne, kakanninmu daga Sakkwato. Yaƙi ya shigo mana a Disamban 2023, muka fita da kayan jikinmu, yanzu muna wajen 'yar'uwata. Ƙaramin ɗana ya daina yawan magana. Ba ya komai sai zanen mutum mai alkyabba yana shawagi a saman gidanmu na can, ya tare wuta da hannu. Ni kuma in na ga zanen sai raina ya ɓaci, don ba wanda ya sauko ya tare mana komai. In hana shi? Daga wani uba a Karantina, Jidda.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya zaunar da Sudan lafiya. Na karanta wasiƙarka sau uku kafin in iya ɗaukar alƙalami.

Ɓacin ranka daidai ne. Duk abin da na faɗa a sama game da duniyar da ake rushewa a gyara a fitowa ta gaba, kai ka ga wadda ba ta gyaruwa haka.

Amma kada ka hana shi. Akwai abin da mutane suke mantawa game da Superman: a zanen farko na shafin farko, a 1938, duniyarsa ce take tarwatsewa, kuma wannan karon ba wanda ya hana. Abin da mahaifinsa ya iya kawai shi ne ya sa jariri a kumbo ya tura shi wata duniya, wajen baƙi. Samari biyu ne suka ƙirƙiro shi a Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, dukkansu 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai. Mahaifin Siegel ya rasu a 1932, daren da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi. Yaron da ya rasa uba a haka shi ne ya zo ya rubuta mutumin da harsashi ba ya huda shi. Ina ganin ɗanka a sahunsu yake. Abin da bakinsa ya kasa faɗa, hannunsa yake faɗa.

Gobe in ya zana, ka zauna kusa da shi. Kada ka tambaye shi mai alkyabbar. Ka tambaye shi gidan: ina ɗakin kaka, ina bishiyar da ke tsakar gida, ƙofar wane launi ce. Ka bar shi ya zana maka su ɗaya bayan ɗaya, in ya manta wani abu ka tuna masa. In ka ga dama kuma, wata rana ka nuna masa hoton jaririn nan a kumbo, ka faɗa masa wanda ya sa shi a ciki. In shirun ya daɗe, ko barci ya gagare shi, ku ga likitan yara, ba abin kunya ba ne.

Na bar wa editan mujallar nan kwatancen shagona. Ranar Juma'a bayan la'asar ba na aiki, ina da takardu manya da alƙaluma masu launi da suka rage daga aikin alluna. Ku zo tare, za a dafa shayi.